Cefane a Lokacin Tsada: Dabarun Ciyar da Iyali da Kuɗi Kaɗan

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Duk ɗalibin da ya taɓa shiga aji da safe bai karya ba ya san gaskiyar wannan magana, haka ma magidancin da wata ya yi wa nisa, hatsi ya koma gindin buhu, yara kuma suna kallon fuskarsa. A watan Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000 daga naira 30,000. Idan aka raba naira 70,000 gida talatin, kowace rana za ta tashi a kan kimanin naira 2,300. Idan gidan mutum shida ne, rabon kowa bai kai naira 400 a wuni ba, kuma wannan idan an ɗauka ke nan ba kuɗin haya, ba na mota, ba na makaranta, ba na magani.

Wannan maƙala za ta duba hanyoyin da iyali za su bi su rage abin da suke kashewa a kan abinci ba tare da sun cutar da lafiyarsu ba. Za a ga cewa yawancin dabarun suna nan cikin al'adar Bahaushe tun da daɗewa, har ma harshen ya tanadar musu sunaye. Saboda haka ɗalibin harshe zai ci riba biyu, wato ya ƙaru da kalmomi, ya kuma ƙaru da abin da zai amfane shi a kasuwa.

2.0 Ma'anar Cefane da Tsimi

A asali, cefane yana nufin sayen kayan miya, kamar su tumatir da tattasai da albasa da mai da gishiri da daddawa da nama. Shi kuwa sayen hatsi awo ake ce masa, domin da mudu ake auna shi. A gidan Bahaushe na gargajiya maigida ne ke da alhakin awo, sannan ya ba da kuɗin cefane kullum ga matar da ke da girki. A yau, musamman a birane, kalmar cefane ta faɗaɗa, ta haɗe kusan duk wani sayen abinci na gida.

Ya kamata kuma a bambance tsimi da rowa. Marowaci yana da abin, amma ya hana kansa ya hana iyalinsa. Mai tsimi kuwa yana lallaɓa ɗan abin da ke hannunsa ne domin ya kai shi inda ake so ya kai. Tsimi a wajen cefane ya rataya a kan sanin abu huɗu: lokacin saye, ma'aunin da ake saye da shi, yadda ake ajiya, da kuma abin da ya cancanci shiga tukunya.

3.0 Dalilan Tsadar Abinci

Kafin a shiga dabaru, yana da kyau a san inda tsadar ta samo asali. A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar cire tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki litar mai ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500, a watan Oktoban 2024 kuma ta haura naira 1,000 a wurare da dama. A watan Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, darajarta ta faɗi, taki da maganin feshi da kayan gyaran mota suka yi tsada. Ga kuma rashin tsaro da ya hana manoma da yawa zuwa gona a Zamfara da Katsina da Neja da Binuwai da wasu jihohi. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna cewa hauhawar farashin abinci ta kai kimanin kashi 40 cikin 100 a shekara guda.

Mazaunin kudancin ƙasar nan yana da ƙarin wani nauyi, wato nisa. Yawancin tumatir da albasa da wake da ake sayarwa a kasuwar Mile 12 ta Legas ko Bodija ta Ibadan daga Arewa suke zuwa, kuma tsakanin Kano da Legas akwai tafiyar kimanin kilomita 1,000. Kuɗin mota da na lodi da na dillali da asarar abin da ya lalace a hanya, duk a kan mai saye na ƙarshe suke sauka. Magidanci ba shi da iko a kan waɗannan abubuwa. Abin da yake da iko a kai shi ne yadda zai sarrafa kuɗin da ya shigo hannunsa.

4.0 Sanin Lokaci

Kowane amfanin gona yana da lokacin arha da lokacin tsada. Gero da dawa da masara da wake da gyaɗa sun fi sauƙi da kaka, wato daga wajen Oktoba zuwa Disamba, lokacin da sabon amfani ya cika kasuwannin ƙauye da manyan kasuwanni irin su Dawanau ta Kano. Daga nan farashi yakan riƙa hawa har ya kai ƙololuwa a tsakiyar damina, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare, sabo kuma bai nuna ba.

Kayan miya kuwa lissafinsu daban ne. Tumatir da tattasai da albasa sun fi arha da rani, daga wajen Janairu zuwa Afrilu, domin a lokacin ne noman rani na wurare irin su Kadawa a Jihar Kano da Aliero a Jihar Kebbi yake fitowa. Da zarar ruwa ya sauka sai tumatir ya yi wuya. Manja yakan sauko a watannin farko na shekara, lokacin da kwakwar manja take yawa a kudu, doya kuma takan yi sauƙi bayan fitowar sabuwa daga wajen Agusta. Wanda ya riƙe wannan jadawali a kansa zai san abin da zai saya da yawa ya ajiye, da abin da zai haƙura da shi har lokacinsa ya zo.

Sai dai a lura, wannan ƙa'ida ba ta tabbata kowace shekara. A 2016 tsutsar da ake kira Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kaduna da Kano da maƙwabtansu, farashi ya tashi ba zato. A 2025 kuma farashin masara da shinkafa da wasu hatsi ya faɗi, waɗanda suka tara kaya suna jiran tsada suka yi asara. Darasin da ke nan shi ne, a sayi abin da gida zai ci, kada a ci bashi mai nauyi don a tara hatsi da fatan riba.

Ko a cikin wuni guda ma akwai lokaci. Wanda ya je kasuwar sari da sassafe, sa'ad da ake sauke kaya, yakan sami zaɓi. Wanda ya je da yamma kuma yakan sami ragi a kan ganye da kayan gwari, domin mai kaya ba ya son su kwana.

5.0 Sanin Ma'auni da Iya Ciniki

Ma'aunan kasuwa suna da yawa, kuma ba su zama ɗaya ba. A Arewa akwai mudu, kalmar da aka aro daga Larabci, akwai tiya da kwano da gwangwanin madara. A Ibadan kongo ake amfani da shi. A Legas kuwa akwai derika, wadda ta samo sunanta daga gwangwanin tumatir na De Rica, da kuma robar fenti. Girman mudu kansa yakan bambanta daga gari zuwa gari. Bayan haka, wani mai awo yakan tara hannu a bakin mudu ya cika shi sosai, wani ya share kansa, wani ma ya buge gindin mudun ciki don ya rage abin da yake ɗauka. Saboda haka jin farashi kawai bai isa a ce wuri kaza ya fi arha ba. Dabara mai sauƙi ita ce a ajiye gwangwani ɗaya a gida, duk abin da aka sayo a sake auna shi da shi. Cikin mako biyu ko uku za a gane mai awon da ya fi cika mudu.

Haka nan, saye kaɗan-kaɗan yana cin kuɗi ba a sani ba. Alal misali, a ɗauka mudun wake yana ɗaukar gwangwani 8, ana sayar da shi naira 1,600. Kowane gwangwani ya tashi a kan naira 200 ke nan. Idan mai tebur na unguwa yana sayar da gwangwani naira 250, wanda yake saye ɗai-ɗai ya biya naira 2,000 a kan mudu guda. Gidan da yake cin mudu 10 a wata ya yi asarar naira 4,000, kuɗin da zai sayi fiye da mudu biyu. Irin wannan lissafi ya shafi ƙullin mai da ƙullin gishiri da ƙananan ledojin madara da na tumatir.

Ciniki ma yana da ƙa'idojinsa. Mai saye yakan taya, mai kaya ya ce albarka idan tayin bai yi masa ba, a yi ta ja har ya ce ya sallama. Bayan an auna kuma sai a nemi gyara, wato ɗan ƙarin da ake yi wa mai saye. Wannan kalma ce ta shiga Yarabanci da Turancin buroka ta zama jara, kamar yadda albasa ta zama alubosa, tattasai ya zama tatashe. Kalmomin sun bi kayan ne daga Arewa zuwa kudu. Ɗalibin da ya iya gaisuwa da tayi da Hausa a Mile 12 ko a kasuwar Sasa ta Ibadan yakan ga amfanin karatunsa nan take. Riƙe abokin ciniki ɗaya mai gaskiya shi ma tsimi ne, domin yakan cika mudu, ya faɗa maka lokacin da kaya za su tashi, wata rana ma ya ɗaga maka ƙafa.

6.0 Haɗa Hannu

A nan mai karatu zai iya cewa, ai wanda yake samun na yau ya ci yau ba shi da kuɗin sayen buhu. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa talaka yakan sayi abinci da tsada fiye da mai hali. Maganin da al'ada ta tanada shi ne haɗa hannu, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Hanya ta farko ita ce watanda. Mutane kan haɗa kuɗi su sayi sa ko akuya, a yanka a kasa naman daidai da abin da kowa ya bayar. An fi yin haka da salla, amma ba abin da zai hana gida huɗu ko biyar, ko ɗaliban da ke ɗaki ɗaya, su yi wa buhun shinkafa ko kwandon tumatir ko jarkar manja irin wannan rabo. Kowa ya sami farashin sari da ɗan kuɗinsa, kuɗin mota ma an raba shi.

Hanya ta biyu ita ce adashi, wanda Yarabawa suke kira esusu ko ajo. Idan mai zubi ya nemi kwasarsa ta faɗo a lokacin kaka, zai iya yin awon wata uku ko huɗu a tashi ɗaya. Sharaɗin duka biyun shi ne amana: a yi da mutanen da aka sani, a rubuta abin da kowa ya bayar, a kuma yi rabo a gaban kowa.

7.0 Ajiya

An ce ajiya maganin wata rana, amma abin da aka saya da arha ƙwari suka cinye ya fi komai tsada. Sharaɗi na farko shi ne bushewa. A gatsa ƙwayar wake ko masara, idan ta fashe da ƙara ta bushe, idan ta lotsa akwai sauran danshi, sai a ƙara shanya ta. A kudu, inda iska take da laima, wannan ya fi muhimmanci. A ɗora buhu a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango.

Kakanninmu sukan gauraya wake da toka ko busasshen barkono. A yau hanya mafi sauƙi ita ce a zuba shi a busasshiyar jarka mai tsabta wadda ba a taɓa zuba fetur ko magani a ciki ba, a cika ta har baki, a rufe ruf. Ƙwarin da ke ciki za su shaƙe ɗan iskar da ta rage su mutu. A kan wannan hikima aka yi buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka inganta, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007. Ba ya bukatar magani ko kaɗan.

Kada a kuskura a zuba wa abinci maganin ƙwari irin na feshin ɗaki ko na gona. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan haka, kuma a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan irin wannan magani da aka samu a cikinsa.

Kayan miya kuma shanya ce maganinsu. Tumatirin da aka yanka aka busar shi ne kauɗa, haka ake yi wa tattasai da kuɓewa da ganyen kuka da karkashi da zogale. A yi shanyar a kan tabarma ko faranti mai tsabta, nesa da ƙura da dabbobi. Ganye a inuwa ake busar da shi domin ya riƙe launinsa da amfaninsa. Albasa kuwa ba ta son leda, a baza ta a inda iska take ratsawa.

8.0 Abin da Ke Shiga Tukunya

Babban kuskuren da ake yi idan kuɗi ya yi ƙaranci shi ne a koma cin abu ɗaya kullum, kamar garin rogo ko taliya ko farar shinkafa, don kawai ciki ya cika. Babba zai iya jurewa na ɗan lokaci, yaro kuwa girmansa ne yake tsayawa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki.

Abin farin ciki shi ne, abinci mai gina jiki ba nama da kaza kaɗai ba ne. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake sinadarin gina jiki ne, a waken suya kuwa ya haura kashi ɗaya cikin uku. Masana abinci sun tabbatar da cewa idan aka haɗa hatsi da dangin wake, kowanne yana cike giɓin ɗan'uwansa. Girke-girkenmu sun riga sun yi wannan haɗi: garau-garau, ɗanwake, ƙosai da koko, alale da kunu, faten wake da masara. Awara da ƙuli-ƙuli da gyaɗar miya da busasshen kifi kaɗan suna iya tsayawa a madadin nama a yawancin ranakun mako. Ga yara ƙanana da suka wuce wata shida, ana soya gero ko dawa ko masara tare da waken suya da gyaɗa a niƙa, a riƙa dama musu kunu. Wannan gari ne ake kira Tom Brown, kuma ya fi abincin gwangwani sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba.

Wajen miya ma, ba dole ba ne kullum sai ta dage-dage. Idan tumatir ya yi tsada a koma kuka da kuɓewa da karkashi da yakuwa da lalo da taushe. Daddawa, wadda ake yi da kalwar ɗorawa, tana ba da ɗanɗano tana kuma ƙara gina jiki, ta rage yawan dunƙulen da ake jefawa. Mazaunin kudu ya ci abin da ƙasar take bayarwa da arha, kamar rogo da gwaza da agada da ganyayen da ke wadace da damina, maimakon ya nace sai abin da ya saba da shi a gida. Wanda yake da ɗan fili, ko da tsohon buhu ne ko fasasshen bokiti, zai iya shuka alayyahu da yakuwa, cikin 'yan makonni ya fara tsinka.

Makamashi shi ma cefane ne. Jiƙa wake tun dare yana rage lokacin dahuwarsa, rufe tukunya yana rage cin gas ko gawayi, haɗa kayan girki kafin a kunna wuta yana hana ta ci a banza. Saura kuma ba a zubar da shi. Tuwon dare shi ne ɗumamen safe, ƙanzon tukunya a busar a yi kwaɗo da shi. Sai dai a tabbata ɗumame ya yi zafi har ciki, abin da ya canza wari kuma a rabu da shi.

9.0 Inda Ba a Tsimi

Araha ba ta ado, in ji masu iya magana. Akwai abubuwan da sauƙin kuɗinsu tarko ne. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna tana iya ɗauke da gubar da ake kira aflatoksin, wadda take lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Ruɓaɓɓen tumatir da ake kasawa a gefen kasuwa, da man da aka yi ta suya da shi har ya yi baƙi, da kayan gwangwanin da wa'adinsu ya wuce, duk abin da aka rage a kansu asibiti zai karɓe ninki-ba-ninki. Haka kuma ba a fara rage abinci daga kan mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara. Inda ya kamata a fara yanka shi ne lemon kwalba da kayan ƙwalama da sayen abinci a waje da girkin ganin ido. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

10.0 Kammalawa

Duk waɗannan dabaru ba za su yi aiki ba sai maigida da uwargida sun fahimci juna. Rigingimu da yawa a kan kuɗin cefane suna tasowa ne saboda shi bai san farashin kasuwa ba, ita kuma ba ta san abin da yake samu ba. Idan suka zauna a farkon wata suka ware kuɗin awo daban, na cefanen yau da kullum daban, suka tsara abin da za a dafa a mako, suka kuma ajiye ɗan littafin rubuta abin da aka kashe, za su ga inda kuɗin yake zurarewa. Wanda zai je kasuwa ya tafi da jerin abin da zai saya, kada ya tafi da yunwa.

Tsimi ba zai sauke farashin mai ba, ba zai kuma maye gurbin samun da ya isa ba. Wannan nauyi ne da ke kan hukuma da masu ɗaukar ma'aikata. Amma kafin a kai can, gidan da ya san lokaci, ya san ma'auni, ya iya ajiya, ya kuma san abin da zai zuba a tukunya, zai fi maƙwabcinsa mai samu iri ɗaya kaiwa ƙarshen wata da sauran hatsi a buhu. Ga ɗalibai kuwa, ga ɗan aiki: a shiga kasuwa mafi kusa, a tattaro kalmomin awo da na ciniki da ake amfani da su a can, a kwatanta su da waɗanda aka kawo a wannan maƙala.